Ranar da Ummi ta nemi gilashi mai shiga cikin ido



Wani daren Alhamis na dawo daga sallar isha'i, na zauna zan ci tuwo, sai uwar gidana ta zo ta zauna gefen tabarma ta yi shiru. Shekara ashirin da ɗoriya muna tare, na san irin wannan shirun. Na ce, "To, me ya faru?" Ta ce, "Malam, Ummi ce ke da magana, ta kasa tunkararka da ita." Na ce ta faɗi. Ta ce wai yarinyar so take a cire mata gilashin da take sawa, a sayo mata wanda ake mannawa a kan ƙwayar ido, wanda yaran yanzu ke kira kontak.

Ban bari ta ƙarasa ba na ce a'a. Na ce idon ɗan Adam ai ba wurin ajiyar roba ba ne, kar a ƙara kawo mini wannan zancen. Na ci gaba da cin tuwona kamar an gama, amma wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ummi sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na iya kama sunanta. Shekarunta 15, tana aji biyu na babbar sakandare. Tun tana ajin ƙarshe na firamare malaminta ya aiko a gaya mini ba ta ganin allo sai ta taso ta zo gaba. Muka kai ta Jalingo aka gwada, aka ce ba ta ganin nesa, aka ba ta gilashi. Duk bayan shekara ɗaya ko biyu in an sake gwadawa sai gilashin ya ƙara kauri. Wanda take sawa yanzu in ka duba gefensa kamar gindin kwalba.

Ina da dalilina na saurin cewa a'a, kuma tsofaffin unguwar nan sun san shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fatauci ne ya kawo shi ƙasar Muri daga Haɗeja, tun kafin a yi Gongola, balle a yanke Taraba a 1991. A ƙarshen rayuwarsa yanar ido ta rufe masa gani. Wani mai magani ya zo cin kasuwa, ya ce zai cire masa ita a zaune ɗaya. Ya soka masa wani ƙarfe siriri a ido, ya ture yanar ciki. Kwana biyu tsoho yana murna yana ganin haske, a na uku idon ya kumbura, daga nan bai ƙara ganin komai da shi ba. Ɗayan ma bai daɗe ba ya bi sahu. Shekara shida ina riƙe da sandarsa zuwa masallaci, ina gaya masa ga kwata, ga dutse, ga wane yana gaishe ka. Wanda ya yi wa ubansa jagora ba ya wasa da zancen ido.

Dalili na biyu sabo ne. Bara aka yi bikin wata 'yar dangin matata. Mai kwalliya ta sa wa amarya wannan kontak ɗin mai launi, idonta ya koma ruwan toka kamar na mage, aka yi ta hotuna. Da gajiyar biki ta kwana da shi har dare biyu. Kafin a yi kwana bakwai idon dama ya yi ja, yana zubar da ruwa, ba ta iya kallon haske. Kunyar amarci ta hana ta faɗa da wuri. Da aka kai ta asibiti an ceto idon, amma har yau akwai farin tabo a kan baƙin, kuma ganinta da shi ya ragu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Washegari uwar gida ta sake samuna, ta ce, "Malam, ka yanke hukunci ba ka ji shari'ar ba." Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe Ummi da ta fita ƙofar gida take cire gilashin ta cusa a jaka. A makaranta suna ce mata mai ido huɗu, wasu su ce kaka ta zo. Haka take tsallaka titin Jalingo zuwa Wukari, inda manyan motoci ke wucewa a guje, alhali ba ta bambance mota da inuwa sai sun matso. Ciwon da na gani a gwiwarta watan jiya, da aka ce mini tuntuɓe ta yi, ɗan acaɓa ne ya goge ta. A aji ma sai malami ya juya baya take zaro gilashin ta kwafi rubutu da sauri. Sakamakonta ya sauka, ni kuwa ina ta yi mata faɗa a kan wasa.

Jikina ya yi sanyi. Mukan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ga shi ni babban, abin da ke faruwa a ƙofar gidana ban hango ba. Ina tsoron abin da zai iya samun idonta nan gaba, ita kuwa kullum da safe tana saka ranta a bakin titi. Na ce a gaya mata ban amince ba tukuna, amma na janye a'ar da na yi, za mu je mu ji ta bakin masu ilimin abin.

Ranar Litinin na bar yaron shago da awon masara, muka hau mota ni da ita zuwa Jalingo. Likitan idon da ya duba ta matashi ne, bai fi sa'an ɗana na fari ba, amma ya san aikinsa kuma ya yi haƙuri da tambayoyina. Na ce masa, "Likita, ni ɗan kasuwa ne, ka faɗa mini ribar abin nan da asararsa."

Ya ce, "Baba, ribar tana nan. Mai irin lambar idonta yakan fi gani sarai da shi, don yana zaune a kan idon ne, duk inda ta juya ido yana biye da ita. Ba ya yin raɓa, ba ya zamewa in ta yi sujada, ba ya karyewa." Daga nan ya ɗauko wani hoton ido babba ya nuna mini fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido. Ya ce Allah ya halicce ta ba jijiyar jini ko ɗaya, don haske ya wuce ba shamaki, saboda haka daga iskar waje take shaƙar abin da ke rayar da ita. In aka ɗora mata roba an rage mata numfashi, in kuma aka yi barci da robar fatar ido ta rufe a kai, an ƙara toshe ta. Ya ce hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa mai kwana da shi haɗarin kamuwarsa da ciwon ido ya ninka sau 6 zuwa 8.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne zancen ruwa. Ya ce akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, tana rayuwa a ruwan rijiya, da na rafi, da na famfo, har da ƙasa. Mutum zai sha ruwan ya zauna lafiya, amma in ta maƙale tsakanin robar da ido tana iya cin fatar nan, maganinta kuma yana da wuya ƙwarai, wani lokaci sai an yi dashe. Don haka ba a wanke kontak da ruwa kowane iri, ko na leda, ba a jiƙa shi da yawu, ba a wanka da shi. Yana da ruwan magani nasa na kwalba. Kullum da dare a cire, a murza a tafin hannu da ruwan maganin, a ɗauraye, a sa a 'yar kwanonsa da sabon ruwa, ba a ƙara sabo a kan na jiya. Ita kanta 'yar kwanon duk wata 3 ake sauya ta. Akwai na wata guda, akwai na mako biyu, akwai kuma na yini ɗaya wanda in an cire da dare sai a yar. Na ƙarshen ya fi aminci, ya kuma fi tsada.

Na ce, "To shekara nawa ya kamata yaro ya kai?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ido ba ya tambayar shekaru. Ana sa wa jariri ma in lalura ta kama, iyaye su kula. Na ga ɗan shekara 12 da ya riƙe ƙa'ida, na ga mai shekara 40 da ya kasa. Kai ka fi ni sanin 'yarka." Sannan ya ɗaga fatar idonta ya haska, ya ce akwai alamar ƙaiƙayin nan da ƙura ke tayarwa, wanda ke sa idon yaranmu ya yi ja-ja kamar ƙasa. Ya ce sai an yi maganinsa ya lafa kafin ma a fara zancen kontak. Ya rubuta mata maganin ɗigawa.

Da muka dawo na ba yayanta labari, wanda ke karatu a Jami'ar Jihar Taraba. Shi ya karanta mini tarihin abin a wayarsa. Ashe tun 1888 wani likita mai suna Adolf Fick ya gwada shi a Zurik, da gilashin gaske, mai nauyin da ba a iya jure shi sai 'yan sa'o'i. Mai taushin nan na yanzu wani masani ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, ya fara haɗa shi a gidansa a 1961, da wata na'ura da ya harhaɗa daga kayan wasan yara. A 1971 aka ba da izinin sayar da shi a Amurka. Na ce to, abin ya girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, mu ne dai bai iso gare mu da wuri ba. Da ya iso kuma ta hannun masu kwalliyar amare ya shigo, shi ya sa muka fara ganin sharrinsa kafin alherinsa.

Saura ɓangaren addini, don ni da nake tsayawa gaban mutane in liman ba ya nan, ba zan so a ce 'yata tana salla da alwala mai shakka ba. Na koma littattafan da muka karanta a gaban malamanmu, Ahalari da Iziyya da Risala, na kuma je na sami wani malamina a Jalingo. Abin da muka tsaya a kai shi ne cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa, a alwala ko a wanka. An ruwaito Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yakan yayyafa ruwa a cikin idanunsa in yana wankan janaba, amma Imamu Malik bai ɗauki hakan abin da za a yi aiki da shi ba. Saboda haka robar ba ta hana alwala inganta. Sai dai ga inda fiƙihu da likitanci suka haɗu: mu masu wanke fuska ne sau biyar a yini, da ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, ruwan da likita ya ce kar ya taɓa robar. Dole mai sa shi ya saba runtse ido sosai in zai wanke fuska, ya bari ruwan ya tsane kafin ya buɗe. Game da azumi kuwa, robar kanta ba ta zuwa maƙogwaro. Maganin ɗigawa ne abin lura, don a mazhabarmu abin da aka sa a ido in ya kai maƙogwaro ana rama ranar, shi ya sa in ba dole ba a bar shi sai dare.

Malamin nawa ne ya ba ni mabuɗin al'amarin. Ya ce in tuna aya ta 6 a Suratun Nisa'i, inda aka yi umarni a riƙa jarraba marayu, kuma ba a miƙa musu dukiyarsu don sun balaga kawai sai an ga shiriya da iya riƙo a tare da su. Ya ce, "Balaga daban, rushdi daban. In dukiya sai an gwada kafin a miƙa, ina ga ido?" Wannan magana ta shige ni, don haka muke yi a kasuwa. Ba wanda ke damƙa wa sabon yaro makullin sito ranar farko. Mudu ake fara ba shi, a ga awonsa, a ga lissafinsa da yamma.

Na kira Ummi gaban mahaifiyarta na ce, "Uwata, zan gwada ki wata 3. Ga sharuɗɗa." Ta sa gilashinta daga gida har makaranta, kowa ya ce abin da zai ce. Ta ɗiga maganinta a kan lokaci ba tare da an tuna mata ba. Ta yanke farce. Ta wanke hannu da sabulu ta goge da tsumma mai tsabta kafin ta taɓa idonta. Ta daina murza ido, ta kuma ajiye kwalli, don likita ya ce a bar shi. In ta ji wani abu a idon, komai ƙanƙantarsa, ta faɗa a ranar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To Baba, na ji."

Ban ɓoye muku ba, na zaci za ta gaji. Sai ga shi ta manna takarda a bangon ɗakinsu tana yin alama duk ɗigawa. Sau biyu na bi bayanta da safe ba ta sani ba, na ga gilashin na fuskarta har ta shige ƙofar makaranta. Ta yi tuntuɓe a wuri ɗaya: barcin rana. Takan dawo ta kwanta da littafi a hannu da gilashi a fuska, barci ya sace ta. Mahaifiyarta ta ce, "Kin ga, da robar ce a idonki fa?" Sai da aka yi kusan wata guda kafin ta saba cirewa ta ajiye kafin ta kishingiɗa.

A cikin wata na biyu, wata rana bayan la'asar ina lissafi a zaure, ta zo ta durƙusa ta ce tana da abin faɗa, da kanta, ba ta aiko uwarta ba. Ta ce watanni kafin a fara wannan magana wata ƙawarta ta ara mata nata mai launi, ta sa na rabin yini a makaranta. Da ta cire idon ya yi kwana biyu yana yi mata zafi, ta ce mana hayaƙin murhu ne. Ta ce, "Baba, likita ya ce ba a aro, na ga in ban faɗa ba gwajin da kake yi mini ba na gaskiya ba ne."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi faɗa, sai Allah ya sa na tuna amaryar nan. Abin da ya jawo mata tabo har da shirun da ta yi na kwanaki. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan kunya da haƙuri, abu ne mai kyau, amma ciwon ido ba ya jiran kunya, yini ɗaya yana iya raba mutum da ganinsa. In na hukunta yarinyar nan yau don ta faɗi gaskiya, ranar da idonta zai yi ja ba za ta zo ba. Na haɗiye fushina na ce, "Allah ya yi miki albarka. Kin yi kuskure, kin kuma gyara." A raina na san babban sharaɗin ta cika shi a ranar.

Sai dai da na zauna lissafi na gano ba ita kaɗai ake gwadawa ba, har da gidana. Ruwanmu na rijiya ne. Girki da itace ake yi, ita ke taya uwarta jajjagen attaruhu, kuma duk wanda ya taɓa kai hannun barkono ido ya san ko an wanke da sabulu yajin ba ya fita nan take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ko cikin akwati shiga take. Ruwan maganin ba a samunsa a kemis ɗin garin nan, sai an aika birni, kuma ranar da ya ƙare ba kuɗi a hannu, ranar ce shaiɗan zai raya wa yaro ya yi dabara da ruwan leda. In ido ya ɓaci da tsakar dare, sai an nemi mota zuwa Jalingo. Duk wannan nauyina ne, ba nata ba.

Da wata ukun suka cika muka koma wurin likita. Ƙaiƙayin ya lafa. Muka yi shawara mu uku, ga abin da muka tsayar. Na farko, an yanka mata sabon gilashi na roba mara kauri, da firam ɗin da ita ta zaɓa da kanta. A nan na ji kunya, don tsawon shekarun nan ni ke zaɓar mata, kuma mafi araha nake nunawa, irin na tsofaffi, ban taɓa tambayarta ko tana so ba. Na biyu, za a gwada mata kontak na yini ɗaya, mara launi, wanda likita ya auna ya rubuta, bayan hunturu ya wuce ruwan sama ya kwantar da ƙura. Ba kullum ba, kwana biyu ko uku a mako, ta cire da ta dawo daga makaranta kafin ta shiga kicin. Na yini ɗayan ya raba mu da zancen wanki da ajiya. Kuɗinsa na wata ya kusa ribar da nake samu a buhu uku na masara, na ce zan iya in ba kullum ba ne. Na uku, ranar da ido ya yi ja, ko zafi, ko gani ya dushe, ko ta kasa kallon haske, a cire nan take, a sa gilashi, a kama hanyar asibiti a ranar. Likita ya zaunar da ita ta koyi sawa da cirewa a gabansa, ta yi ta fama hawaye na zuba, sai a karo na biyar ya zauna.

Abin dariya, tun da aka yi sabon gilashin zafin neman kontak ɗin ya ragu. Ƙawayen da ke ce mata kaka yanzu tambayarta suke a ina aka yanka. Ta ce mini har yanzu tana so ta gwada, na ce alkawari na nan, in damina ta sauka za mu koma.

'Yan'uwa, na rubuta wannan ne don na san ba gidana kaɗai ba ne. Akwai yara a unguwar nan da ke cusa gilashinsu a jaka da sun fita, akwai kuma waɗanda ba a taɓa gwada idonsu ba, ana ta dukansu a kan daƙiƙanci. Ku kai su a duba. In ɗanka ya zo da irin buƙatar Ummi, ka saurare shi tukuna, ka kai shi wurin likitan ido, ka gwada riƙonsa, ka kuma duba ruwan gidanka da aljihunka. Iyaye mata, ku sa ido a kan abin da masu kwalliya ke sa wa amare, wanda aka saya a tebur ko aka ciro daga idon wata amaryar kada ya shiga idon 'yarku. Ni ma na tuba da gilashin karatun da na saya a faranti ranar kasuwa, na je an auna ni, har an duba mini hawan jinin ido.

Allah ya kare mana ganinmu da na zuri'armu, ya jiƙan iyayenmu, ya shirya mana yaranmu. Wassalamu alaikum.